Baba Ƙyaure da Bangon Auta

Mijin ƙanwata kafinta ne, kuma tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin mutumin da ya tsani bango kamarsa ba. Wasu mazan caca ce ta cinye su, wasu siyasa, wasu yawon banza. Shi ƙofa ce. In ya shigo ɗakinki ya zauna, ki lura da idonsa. Ba ke yake kallo ba, bangon da ke bayanki yake aunawa, yana jin tausayinsa.

A unguwa Baba Ƙyaure ake ce masa, kuma bakinsa ne ya jawo masa. Ki je ki ce masa ƙofarki ta karye, sai ya ajiye zarto ya dube ki kamar kin zagi iyayensa. Ƙofa ba ta karyewa, in ji shi. Ƙofa ita ce sararin da mutum ke ratsawa, ƙyaure shi ne katakon da ke rufe ta. Abin da kike tuntuɓe da shi a ƙasa dokin ƙofa ne. Wadda iska ke bi taga ce, wadda ruwa ke bi rariya, wadda ɓera ke bi kafa, wadda mota ke bi get. Wadda kuwa ta zo da kanta ba wanda ya gayyace ta, tsaga ce, kuma ita kaɗai ce ba ya ga-maciji da ita. Kafin ya gama karatun nan kin manta abin da ya kawo ki, kin kuma soma zargin kanki da jahilci.

Ranar da ya fara zuwa neman ƙanwata, wadda muke kira Auta har yau da furfura ta cika mata kai, mun wuni muna yi mata kwalliya. Ya iso, ya yi sallama, ya tura ƙyauren gidanmu, ƙyauren ya yi kuka. Sai ya saki, ya juya, ya tafi. Auta ta fashe da nata kukan. Can sai ga shi da akwatin kayan aiki a kai. Har la'asar yana durƙushe yana fere katako, yarinya na zaune a gefe hoda na narkewa. Babanmu ya ce ga yaro mai amfani. Ni na ce a duba da kyau, wannan ba Auta ya gani ya so ba. Ba wanda ya saurare ni, don a lokacin ma an san ni da baki.

Gaskiya dai a sana'a ba shi da na biyu. Ƙyauren da ya rataya, jariri ma zai tura shi da ɗan yatsa. Kuma yana da wata doka guda da ya gada wurin maigidansa, wadda ko da wuƙa a wuya ba ya karya ta: ba ya taɓa aikin da wani ya fara. In wani ma'aikaci ya soma huda bango ya gudu ya bar shi, to Baba Ƙyaure ba zai sa guduma a wurin ba sai mai aikin ya ce da bakinsa ya bar masa, ko kuwa an tabbatar masa mutumin ya mutu. Akwai wata mai shago da ta shekara tana shiga shagonta ta taga saboda wannan doka, ana cigiyar wani birkila da ya tafi ci-rani. Da aka samo shi aka kawo, sai da Baba Ƙyaure ya sa shi ya maimaita a gaban shaidu cewa ya bar masa aikin.

To, da haka suka yi zamansu lafiya a gida mai ɗakuna kaɗan da ƙofofi daidai hankali, har zamanin ƙyauren ƙarfe ya zo. Kowa ya ga maƙwabcinsa ya sa na ƙarfe, sai ya kira Baba Ƙyaure ya cire na katako. In ya tambayi abin da za a yi da tsohon, sai a ce a faskara a hura wuta. Ranar farko da ya ji haka bai ci abinci ba. Washegari ya koma ya ɗauko ƙyauren a ka, ya kawo gida ya jingine a tsakar gida.

Da a nan abin ya tsaya, da ba ni da labari. Amma mutumin nan ya ce ƙyauren da ba shi da ƙofa maraya ne, kuma shi ba zai iya kwana da maraya a tsaye a waje ba. Ya ɗauki alli ya zana a bangon falo, ya kira abokinsa birkila, suka fasa. Falo ya zama mai ƙofa biyu. Auta ta ce ba laifi, ana samun iska.

Iska kuwa ta samu. Don kafin a ce haka, gari ya ji cewa akwai gidan da ke karɓar marayu. Duk inda ake rushe tsohon gini, Baba Ƙyaure na wurin tun kafin ƙura ta lafa. Ya kawo ƙyauren wani asibiti, irin mai kaiwa da komowa, wanda in kin wuce sai ya biyo ki ya mare ki a ƙeya. Ya sa shi a kicin. Ya kawo tagar sayar da tikiti ta wata tasha, da 'yar kafarta ta miƙa hannu, ya dasa tsakanin kicin da falo, ta nan Auta take turo masa abinci, shi kuma yana tsayawa a layi shi kaɗai. Ba ya goge rubutun da ke jikinsu, wai sunan yanka ne. Saboda haka a ƙyauren sito an rubuta Ɗakin Haihuwa, a na ban-ɗaki kuma Shugaba, Sai da Izini. Na sha ganin baƙo a matse yana tsaye a wurin yana gyara hula.

Da ƙyamare suka ishi manyan bangaye, sai ya koma kan danginsu. Murfin tsohuwar mota ya zama tagar ɗakin yara, ana murɗa hannu gilashi ya sauka. Murfin firji ya tafi akurkin kaji. Get ɗin wata makaranta, da faɗinsa da komai, ya maye gurbin katangar gaba ɗungurungum, alhali ko keke ba su da shi. A cikin get ɗin akwai ƙaramar ƙofa ta mutane, a cikin ƙaramar ya yanka wata ta kyanwa, kyanwar kuwa har ta mutu ta saman katanga take bi.

Ba sai na faɗa miki yadda zaman gidan ya koma ba. A buga nan, Auta ta buɗe can. Makullai a bokiti ake ajiye su. Rufe gida aiki ne da ake farawa tun rana na da sauran zafi, kuma kullum sai an manta guda. Maƙwabta suka gano cewa ta falon Auta aka fi saurin isa kasuwa, sai ka ga mace da kwando ta shigo ta gabas, ta ce sannu da hutawa, ta fita ta yamma. Wani ɓarawo ya taɓa shiga da tsakar rana ya ɗauki rediyo, ya yi ta buɗewa yana rufewa, kowace ƙofa ta dawo da shi falo, ƙyauren asibiti kuma ya mare shi ba sau ɗaya ba. A ƙarshe ya ajiye rediyon ya zauna ya roƙi ruwa. Baba Ƙyaure ya raka shi waje yana yi masa bayanin kowacce. Yaransu kuwa, kalmar da kowannensu ya fara iyawa ita ce "rufe", kuma da suka girma ba wanda ya sha wahalar barin gida.

Duk wannan Auta ta haɗiye. Ƙanwata irin mutanen nan ne da in ka taka musu ƙafa su ne za su ba ka haƙuri. Abu guda ta riƙe: bangon ɗakinta na ƙurya. Tun haihuwarta ta ƙarshe bayanta ya lalace, ba ta iya zaman kujera, ba ta iya doguwar kwanciya. Sai dai ta shimfiɗa tabarma ta jingina da bangon nan ta miƙe ƙafa. Nan take tsintar shinkafa, nan take saƙa, nan take gyangyaɗi, nan take karɓar gaisuwar masu wucewa kasuwa. Shi kaɗai ne bango cikakke da ya rage a gidan. Birkila ma ya ja kunnen abokinsa, ya ce bangon nan ne ke ɗauke da rufin, sauran duk firam-firam ne suka dafa juna kamar mashaya. Ranar da aka huda shi, in ji shi, kwanon gidan zai sauko ya ci abinci tare da su.

Sai aka tashi rushe tsohon gidan waya.

Ƙyauren da ke bakinsa mai ɓari biyu ne, baƙin katako mai nauyin tsiya, da mariƙin tagulla da hannun mutane ya goge har yana ƙyalli. Kuma shi ne aikin farko da maigidan Baba Ƙyaure ya sakar masa ya yi shi kaɗai, tun ba shi da gemu. Duk shekarun nan in ya bi ta titin sai ya ratse ya shafa shi, kamar mai ziyarar ɗa a makarantar kwana. Ƙarti suka kawo shi a kura, shi yana biye a baya yana yi musu faɗa a kan kowane rami. Aka jingine shi a tsakar gida, ya lulluɓe shi da bargon kansa. Daga nan ya zagaya gida da tef ɗin awo. Ba sai na gaya miki bango nawa ya samu da zai ɗauki wannan faɗin ba.

Auta ta ga ya tsaya a kanta da alli a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa ranar da guduma ta taɓa bangon nan, ranar za ta bar gidan, kuma alhamdu lillahi ba za ta rasa ta inda za ta fita ba.

Mutumin ya shiga wani hali. Ya daina cin abinci, ya daina tsayawa a layin tagar tikiti. Ya rame har wandonsa na neman tsere masa. Da hadari ya taso sai ya fita da lema ya tsaya a kan ƙyauren. Auta ta ji shi yana ba katako haƙuri. Ita ma ta daina barci, don tana tsoron ta tashi daga bangon ta dawo ta tarar da sarari. Ko ban-ɗaki za ta, sai ta sa maƙwabciya ta zauna mata a wurin. Da abin ya ishe ta, ta aiko a kira ni.

Na je, na shiga ta Ɗakin Haihuwa bisa kuskure, na fito ta kicin, na sha marina, na same shi zaune gaban marayansa.

Na ce masa, "Malam, tunda Allah ya hore maka katako mai kyau haka, ka yi wa matarka gado mana."

Ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Yaya, in ɗanki ya rasa aikin yi, yanka shi kike ki yi miya?"

Na ce ya danganta da ɗan. Bai yi dariya ba. Na ba shi shawara ya sayar, ya ce ba ya sayar da jininsa. Na ce ya ba wa masu sabon gini, ya ce za su shafa masa fenti kore. Na ce to birkila ya gina masa sabon bango a tsakar gida, ya fasa abinsa ya huta. Wannan ya ɗan yi tunani a kai, har na soma murna. Sai ya girgiza kai, wai ƙofar da za a iya zagayewa ta gefenta ba ƙofa ba ce, wasan yara ne. Dole ta kasance da ciki da waje, dole ta hana wani wani abu. Na ce ai ga shi ta hana ka cin abinci. Ya ce wannan daban.

Na koma wurin Auta na ce ta tattara ta zo gidana ta kwana biyu, ko rashinta zai dawo masa da hankali. Ta ce in ta tashi zai fasa. Na ce in zai fasa gara ya fasa ba kanta a ƙarƙashin kwanon ba. Da ƙyar na ɓamɓaro ta daga bangon nan, kamar ana cire tsohuwar takarda da aka manna. Muka fita ta ƙaramar ƙofar get, tana waige.

Ko tabarma ban gama shimfiɗa mata a gidana ba, maƙwabciya ta faɗo tana haki, ta ce an ga Baba Ƙyaure ya shiga ɗakin ƙurya da babbar guduma. Birkila ya ƙi zuwa, ya ce shi yana da iyali. Auta ta miƙe, matar da ke tashi da salati da dafa gwiwa, ta riga ni isa titi.

Muka tarar da 'yan hanyar kasuwa sun yi cirko-cirko a waje, ba mai son shiga ƙarƙashin rufin. Muka kutsa. Ga zanen alli a bango, daga ƙasa har kusa da silin. Ga guduma a ƙasa. Ga Baba Ƙyaure a durƙushe, hancinsa kusan a jikin siminti, yana shafa wurin da Auta ke jingina.

Ni ma sai ranar na lura, don ban taɓa ganin bangon ba Auta a jikinsa ba. Shekara da shekaru bayan baiwar Allah na goga wuri guda. Fenti ya tafi tuntuni, shafen siminti ya cinye, wurin ya lotsa ya yi santsi kamar cikin tsohon turmi. Ga gurbin kafaɗu, ga na ƙashin baya, ga wani ɗan zagaye a sama inda ƙeya ke sauka in gyangyaɗi ya zo. Ya ɗora katako a miƙe a kan lotsawar, ya zura ɗan yatsa ta ƙarƙashi, yatsan ya shige.

Ya ɗago ya tambaya wa ya fara aiki a bangon nan. Na ce wane aiki, bayan matarka ne, kai da ka aura ba ka san siffarsa ba. Ya ce shi bai tambaye ni da me aka yi ba. Wani da guduma yake hudawa, wani da kurfi, kowa da kayan aikinsa. Abin da ya gani shi ne an fara ƙofa a nan, an daɗe ana yi, kuma aikin mai haƙuri ne, don ko tsaga ɗaya babu. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya cire hula, ya tsaya gaban Auta kamar yadda ya tsaya gaban birkilan nan na ci-rani.

"Maman yara," ya ce, "aikinki ne. Kin bar mini?"

Na buɗe baki zan yi magana, Auta ta taka mini ƙafa. Karo na farko a rayuwarta, kuma ba ta ba ni haƙuri ba. Ta dubi bangon, ta dubi gudumar, ta gyara mayafi.

"Ban gama ba," ta ce.

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki gudumarsa ya mayar akwati. Ko gardama bai yi ba. Abin da ya roƙa kawai shi ne, tunda dai ƙofa na tafe, a bar shi ya rataya ƙyauren ya jira ta, don ba kyau ƙofa ta iso ta tarar ba a shirya mata ba. Auta ta ce ya rataya, amma makullin a hannunta zai zauna.

Ya yi firam mai zurfi ya kafa a jikin bangon ba tare da ya cire ko ƙwayar yashi ba, ya rataya ɓari biyun nan. Da safe Auta ta sa makulli ta buɗe, ta shimfiɗa tabarmarta a tsakani, ta jingina. Ɓarin dama ya tare mata iskar da ke zuwa daga tagar mota, na hagu ya tare ta kicin. Tarin da ta yi shekaru tana fama da shi ya tafi a sati. In ta gaji da gaisuwar 'yan kasuwa sai ta jawo ɓari guda ta ɓuya, ƙafafu kawai ake gani. In ta gaji da shi kansa, ta jawo duka biyun, ya tsaya a waje yana ƙwanƙwasawa da ladabi.

Shi kuwa ya koma layinsa na tagar tikiti, har ya yi ƙiba. Lokaci-lokaci yakan nemi izini ya ɗora katakonsa ya auna ci gaban aiki. A lissafinsa, in Auta ta dage, za ta ɓulla waje a zamanin jikokin jikokinta, kuma ya ƙudura sai ta gani da idonta. Mutumin da a da bai san hanyar kantin magani ba, yanzu shi ke tuna mata lokacin shan ƙwaya. Ya hana ta ɗaukar bokiti, ya hana ta shara, wai kada ma'aikaci ya raba ƙarfinsa. Rigima guda suka yi, ranar da 'yarsu ta kawo mata matashin jingina. Ya ce wannan zagon ƙasa ne. Auta ta ce in ya ƙara magana za ta sa biyu. Ya naɗe tef ɗinsa ya fita.

Har yau mutane na kawo masa marayu, amma ba bango, sai ya riƙa bi gida-gida yana nema musu riƙo. Ni ya liƙa mini guda a sito, an rubuta Hattara a jiki, 'ya'yana suka ce an daɗe ba a yi abin da ya dace haka ba.

Shekaranjiya na je gaishe su, Auta ta tashi ɗauko mini ruwa, na ce bari in ɗana wurin nan da ake ta yayi. Bayana bai gama sauka ba sai ga shi a kaina da tef a wuya.

"Yaya, don Allah tashi," ya ce. "Naki bayan a karkace yake, za ki ɓata mata aiki."